Mawaƙin da Ba Shi da 'Yan Amshi

Duk wanda ya saurari Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo da kunnen basira ya san 'yan amshi ba don ado ake tafiya da su ba. Idan jagora ya kai ƙarshen ɗan waƙa ya saki, su kuma suka karɓi gindin waƙar, a wannan ɗan taƙin ne yake jan numfashi, ya haɗiye yawu, ya ɗaga ido ya ga wa ya shigo fili, wa ya sa hannu a aljihu, sannan ya shirya abin da zai faɗa na gaba. In suna ya ɓace masa, ga sanƙira a gefe zai cusa sunan cikin kirari ya tuna masa. In murya ta ɗan sarƙe, makaɗa sun san yadda za su ɗaga kiɗa su rufa masa asiri. Mutum ɗaya ido ke kallo, amma a bayansa akwai masu ɗauke da rabin nauyin.

To a kwashe waɗannan duka, a bar mutum shi kaɗai gaban taro, kuma a ce daga nan zai ci abinci. Wannan ita ce sana'ar da nake jinjina wa, kuma a ƙasar Hausa ba a maganarta ba a fara da Ɗan Maraya Jos ba.

Sunansa Adamu, an haife shi a Bukuru kusa da Jos a 1946. Mahaifinsa makaɗi ne, ya rasu yaron yana jariri, mahaifiyar ma ba ta jima ba ta bi shi, sai Sarkin Bukuru ya riƙe shi. Tun yana yaro, a wata tafiya da ya yi Maiduguri, ya ga makaɗan can suka burge shi, ya haɗa kuntiginsa, kuma da shi ya yi ta waƙa har ya koma ga Allah a watan Yunin 2015. Kuntigi kuwa in ka gan shi sai ka raina shi. Gwangwanin kifi ne aka rufe bakinsa da fatar akuya, aka soka ɗan sanda, aka ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Ba ya cika hannu, ana iya ɓoye shi cikin babbar riga. Amma saurari yadda yake aiki da shi: idan ya gama jimla sai bakin ya yi shiru yatsu su ci gaba, tsirkiyar ta maimaita karin da ya rera. A nan yake numfasawa, a nan yake tunani. Aikin da mutum huɗu ko biyar ke yi wa Shata, shi gwangwani ke yi masa. A waƙoƙinsa na zaman aure irin su Jawabin Aure da Gulma Wuya har wasan kwaikwayo yake haɗawa, ya yi maganar wannan ya amsa da ta wancan, duk daga maƙogwaro ɗaya. Haruna Uji na Haɗeja ma da gurminsa kusan haka yake: mutum da abin kiɗansa, shi ke nan.

Akwai kuma abin da Ɗan Maraya ya zaɓa ya waƙe. Mawaƙan fada suna da ubangida, ana ba su doki da riga da hatsi. Shi kuwa cikin waƙoƙin da suka fito da shi akwai ta karen mota, yaron da ke rataye a bayan babbar mota yana shan ƙura da zagin direba. Wanda babu mai yi wa waƙa, ranar da ya ji an ambace shi, ba ya mantawa, kuma ko sisi ne a aljihunsa zai fitar. Mai fara sana'a da ke jiran sai gwamna ya kira shi zai daɗe yana jira. Masu sauraronsa na farko suna nan kusa da shi, kuma ya fi kowa sanin abin da ke damunsu.

Matashin yau ba kuntigi yake rataya ba. Yana zuwa situdiyo, a Kano galibi wajen titin Gidan Zoo, mai fiyano ya buga masa kiɗa, a naɗa, a zuba masa a waya ko a filashi. Ranar biki ya miƙa wa DJ, ya karɓi makirfo. Da gani sai ka ce an sauƙaƙa masa, tunda ga kiɗa cikakke har da amshin da aka riga aka naɗa. Ni kuwa a ganina wani wajen ya fi Ɗan Maraya shan wuya. Makaɗi mai rai yana bin mawaƙi: in ya ja, a ja, in ya tsaya yi wa wani kirari, a sassauta a jira shi. Kuntigi ma a hannun mai shi yake. Kiɗan da aka naɗa kuwa ba ya jiran kowa. Gurbin da aka bar maka ka faɗi suna, in ka yi jinkirin ƙiftawar ido, ya wuce, amshi ya hau kanka.

Shi ya sa da yawa suke zaɓar hanya mai sauƙi, su saki waƙar gaba ɗaya har da muryarsu, su riƙe makirfo suna motsa baki suna taka rawa. Ba na ce haram ba ne, kuma in sunanka ya riga ya yi tashe mutane fuskarka suka zo gani. Amma sabon shiga ba shi da fuskar da za a biya kuɗi a kalla. Abin da zai sa a sake kiransa shi ne ya yi abin da faifai ba zai iya ba, wato ya ga mutanen da ke gabansa a wannan yammacin, ya sa su cikin waƙa nan take. Masu wayo kan sa mai fiyano ya fitar musu da kiɗa zalla mai tsawo, ba murya a kai sai amshi can da can, su kuma yi alama da DJ tun kafin a fara: in na ɗaga hannu ka rage, in na juya yatsa ka maimaita.

Farkon kuwa kusan kowa a kyauta yake yin sa. Kamun ƙanwar aboki, sunan 'yar maƙwabci, walimar saukar karatu, taron 'yan ajinku. Daga nan sai raɓar wani babba, ka riƙe masa jaka, ka tsince masa kuɗi, wata rana ya ce ka ɗan ɗumama wuri kafin ya iso. Wannan ɗumama wurin makaranta ce mai zafi. Kujeru rabi babu kowa, masu raba abinci suna ta kai da kawowa, yara na guje-guje, amarya tana wajen kwalliya, babu wanda ya zo dominka. Wanda ya iya sa mata biyar suka ajiye cokali suka juyo a irin wannan lokaci ya kama hanya. Sannan ga gida. Waƙa a wurinmu an daɗe ana haɗa ta da roƙo, wanda kuma bai gada ba sai ya sha tambaya. Shata kansa, da aka haifa a Musawa a 1923, haye ya yi, mahaifinsa bai so ba, kuma sai da ya yi tallan goro da alewa. Mutumin nan ne Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988. Wannan ba ya hana uban yau ɗaure fuska idan ɗansa ya ce waƙa zai yi, balle 'ya mace, duk da cewa Barmani Coge ta Funtuwa ta yi shekaru tana riƙe da taron mata har ta rasu a 2013.

Yanzu ga inda ainihin gwanintar take, wato sunaye.

Kwana biyu ko uku kafin biki mawaƙin kirki zai nemi wanda ya san gidan ciki da waje. Ba ango ba, don ango kansa ya ɗauki zafi, kuma rabin dangin amarya bai san su ba. Yawanci wata yaya ce ko ƙanwar uwa, irin matar da ake cewa a tambaye ta komai. Zai zauna da takarda da biro. Wace ce uwar amarya, wace ce ta riƙe ta, don sau da yawa ba mutum ɗaya ba ce, kuma wadda ta yi raino ta fi jin ciwo in aka tsallake ta. Matan uban nawa ne, wace ce uwargida. Akwai wadda ta fita. Wane ne ya rasu kwanan nan da za a yi wa addu'a, kada a kira shi a ce ya fito fili. Wane ne ke da sarauta, kuma wace sarauta, don ka kira Ɗan'iya da Ɗanburan ka ɓata biki. Wa ya je Makka bana, da ba za a kuskura a bar masa Alhajinsa a baya ba. Wane gari ne asalinsu, mece ce sana'ar kakanni, malamai ne, fatake ne, maƙera ne, kuma suna alfahari da ita ko sun fi so a bar ta. Idan amarya 'yar fari ce, uwar tana kunyarta, ba za ta fito ta yi rawar ƙafa ba, sai a san yadda za a yabe ta tana zaune, a bar ƙannenta su fito a madadinta.

Bayan ya tattara sai ya jera, kuma jerin nan shi ne siyasar. Dangin ango da na amarya kowane ɓangare yana ƙirge. In ka kira uku a nan, ka kira uku a can. In ka fara da amaryar uban kafin uwargida, za a yi ta maganar har bayan an kai lefen wata. Kuma sai ya haddace, don babu abin da ke kashe yabo irin a ga mai yabon yana leƙen takarda. Wasu kan rubuta a tafin hannu, wasu su sa yaronsu ya tsaya kusa yana raɗa musu, amma gwani yana shiga da su a ka.

Sannan sai sunan ya zauna cikin kari. Binta gaɓa biyu ce, Abdurrahman huɗu, gurbin kuwa ɗaya ne. Ga gajeren suna sai ya ƙara masa wani abu, Hajiya ko sunan gari ko 'yar wane, har ya cika. Ga dogon sai ya nemi inda zai matse ba tare da ya karya shi ba. Hausa tana da hawa da saukar murya da ja da taƙaitawa, in kiɗa ya tilasta maka ka ja inda ba a ja, mai sunan zai ji kamar ba shi ake kira ba, 'yan biki kuma su yi dariya. Duk wannan lissafi a cikin daƙiƙa yake yin sa, yana tafiya, yana murmushi, kiɗa na gudu.

Na ga wani matashi ya yi wannan a wajen wani kamu a Kano. Bayan la'asar ne, an kafa rumfuna, ƙawayen amarya cikin anko sun cika fili, waƙa ta yi daɗi. Can gefe kuwa wata dattijuwa na zaune ta harɗe hannu, jakarta a cinya, ba ta ko kaɗa kai. Matan da ke kewaye da ita su ma sun ƙi tashi. Yaron ya hango. Bai katse waƙar ba, ya ɗan ja da baya wajen wata mai raba ruwa, ya kawar da makirfo daga baki ya tambaya, aka ce masa gwaggon ango ce, daga Gumel ta zo, kuma babu ta a takardar da aka ba shi. Ya ɗaga wa DJ hannu aka rage kiɗa. Ya taka har gabanta ya rusuna, ya ce, "Ranki ya daɗe, Gwaggo, babba ake ajiyewa a ƙarshe." Sannan ya miƙe ya ɗora ta a kan karin, ya ambaci Gumel, ya ce ita ta goyi uban ango, wanda ko bai tabbatar ba ya san yayar uba ba ta rasa wannan. Ta ɗan jima tana kallonsa. Sai ta zuge jakar. Da ta tashi, layin matan nan gaba ɗaya suka tashi, kuma liƙin da aka yi a wannan minti biyar ɗin ya fi na duk abin da ya gabata.

Liƙi shi ma karatu ne. Wanda ya fito yana zare sababbin takardu ɗaya bayan ɗaya yana so a daɗe a kansa, don haka kada ka ƙare baitinsa kuɗin na hannunsa, kada kuma ka ci gaba bayan sun ƙare ka bar shi tsaye yana lalube. Gwani yana kallon kaurin abin da ke hannun, ya auna, ya sauke mutum daidai lokacin da takarda ta ƙarshe ta faɗi, ya raka shi da addu'a ya koma kujerarsa da girmansa. Wadda kuma ta fito da 'yar naira ɗari biyu ita ma a faɗi sunanta da cikakkiyar murya, domin wataƙila ita ce ke da 'ya'ya mata uku a gida da ba a aurar ba. Abin da ke raba mawaƙi da mai naci siriri ne. Ka yabi mutum ka ba shi hanyar fitowa, in bai fito ba ka wuce. Masu tsayawa kan mutum suna maimaita sunansa har kunya ta sa ya ba da kuɗin motarsa suna samun na ranar, amma an gama kiransu a wannan dangi. Zambo da habaici kuwa, da manyan mawaƙa suka yi suna da su, ba kayan sabon shiga ba ne. Shata zai yi a yi dariya, kai ka yi a fitar da kai.

Kuɗin ma sun canja hali. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta yi wuyar gani, masu cin abinci da liƙi suka ji a jikinsu. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta, hukuncin kuma ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma daga 2024 hukumar EFCC ta fara gurfanar da mutane a kan haka da gaske. Yanzu za ka ga an ajiye faranti ko kwando a zuba a ciki, ko a sanar da lambar asusu ta lasifika. Wannan ya rage wa abin armashi, don mai liƙi so yake a gani, amma mawaƙa sun samo dabara: yaro na riƙe da waya, da saƙon banki ya shigo ya raɗa sunan, sai a ji shi cikin waƙa.

Saboda haka mai hankali ba ya dogara da liƙi kaɗai. Ana yin ciniki tun farko, a karɓi kafin alƙalami, a kuma faɗi komai a fili: wa zai biya DJ da kayan sauti, wa zai zuba wa janareta mai, kuɗin mota in wani gari ne, ƙarfe nawa za a fara, waƙa nawa, kuma liƙin na mawaƙi ne shi kaɗai ko za a raba da mai gabatarwa da masu kiɗa. Cikon kuɗin a karɓe shi kafin a hau, domin bayan an watse uwar biki ta gaji, ango ya ɓace, kowa sai ya ce ka ga wane. Sababbi suna jin nauyin wannan magana, gani suke kamar rashin kunya ne. Sai an cinye musu sau biyu suke koyon cewa, "Hajiya, a taimaka a cika mana kafin mu fara, yara ne ke jira." Akwai kuma waƙar amarya da ango da ake naɗawa a situdiyo kafin biki, da sunayen dangi a ciki, wadda mawaƙa irin su Ali Jita suka yi suna da ita. Ita kuɗinta daban, kuma ga mai farawa ita ce tallar da ta fi tafiya, tunda daga wayar wannan ƙawa take tsallakawa ta wancan.

Ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar waƙa, janareta kuma ya ƙi tashi, ranar ake sanin maci tuwo. Mai motsa baki sai ya tsaya yana kallon DJ. Wanda ya iya kuwa sai ya ajiye makirfo, ya matso tsakiyar mata, ya sa su tafi, ya ba su gindin waƙa gajere da za su iya kamawa a ji ɗaya, su zama 'yan amshinsa har a gyara. Wannan ba ya yiwuwa sai da murya mai ƙarfi da aka kula da ita. Shi ya sa za ka ga mawaƙi a tsakiyar zafin Afrilu yana ƙin ruwan ƙanƙara, yana kurɓar ruwan ɗumi da citta da zuma, da hunturu kuma ya naɗe wuya ya rufe hanci saboda ƙura. Mai ƙungiya in mura ta kama shi yaransa za su ja waƙar. Mai waƙa shi kaɗai kuwa in muryar ta tafi, sai dai ya mayar da kafin alƙalami.

Sai sanin lokacin sauka. Ana kiran sallar magariba ka yi shiru ko da waƙa ta kai inda ta fi daɗi. In abinci ya fito, hankali ya rabu, ka taƙaita. In ka ga rawa tana neman wuce gona da iri a gidan da ka san malamai ne, ka sauya kiɗa kafin wani dattijo ya aiko. A Kano akwai Hisba, akwai kuma Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001, wadda mawaƙa ma ke rajista da ita, don haka kalmar da za ta wuce a wani gari tana iya jawo maka sammaci a nan. Ado Gwanja ya gina sunansa a kan waƙoƙin da mata ke rawa da su a biki, kuma duk mai son bin wannan layi sai ya san inda kowane gida ya ja iyakarsa.

Sana'ar kuma tana da kakarta. Kafin azumi bukukuwa kan yi yawa har mutum ya yi biyu a yini, bayan salla ma haka, da ƙarshen shekara, a karkara kuma bayan an kawar da amfanin gona. Da watan Ramadan ya kama sai wuri ya yi tsit. Lokacin zaɓe 'yan siyasa kan buɗe wata ƙofar, mai kuɗi ce amma tana iya rufe maka gidajen ɗaya ɓangaren. Shi ya sa yawancin masu farawa ba sa sakin abin da suke yi da, ɗinki ne ko gyaran waya ko zaman shago. Abin da suka tara a watan Sha'aban su raba shi uku: na gida, na situdiyo don sabuwar waƙar da za su fito da ita bayan salla, da na ɗinka kaya kala biyu, domin mutanen da za su gan su a bikin Shawwal yawanci su ne suka gan su a na Sha'aban.